Filin Lafiyar Iyali: Likita Ya Ce In Zaɓa, Ta Ina Zan Fara?

Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga Makka da Jidda suka zo, kuma kusan duka magana ɗaya suke kewayawa: an je awo, likita ya shimfiɗa hanya biyu ya ce a zaɓa. Ungozoma da likitan mata ne suka haɗu suka amsa. Mun sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Haihuwata ta fari tiyata aka yi mini, shekara uku ke nan, saboda yaron ya zo a zaune. Yanzu cikina wata shida. Da na je awo daktora ta ba ni wata takarda mai shafi huɗu, da ɗige-ɗige da tambayoyi, ta ce in cika in dawo da ita mu yanke ko tiyata za a sake ko in gwada haihuwa da kaina. Abin ya ɗaure mini kai. Ba ita ta yi karatun ba? Don me za ta jefo mini?
Daga wata 'yar'uwa a Shari'a Mansur, Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba jefo miki ta yi ba. Akwai abin da likita ke yankewa ba dogon zance: mabiya ta tare bakin mahaifa, ko jini ya ɓalle, ko bugun zuciyar yaro ya faɗi ana tsakiyar naƙuda. Nan babu takarda, sai gaggawa. Akwai kuma inda hanyoyin biyu duk karɓaɓɓu ne a likitance, kowacce da tata ƙayar, abin da zai rinjayar da ɗaya kuma yana gidanki, ba ya cikin fayil. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Naki irin na biyun ne.

Abin da aka ba ki takardar taimakon zaɓi ce. Wani asibitin ɗan littafi yake bayarwa, wani bidiyo, wani manhajar waya. Wata cibiyar bincike a Ottawa ta ƙasar Kanada ta daɗe tana tsara irinta, kuma a 2024 an tattara gwaje-gwaje 209 da aka yi a kan irin waɗannan takardu a fannoni daban-daban: waɗanda suka yi aiki da su sun fi sanin abin da ke gabansu, sun fi kimanta haɗari daidai, sun kuma fi natsuwa da abin da suka zaɓa. Takarda mai kyau tana faɗin hanyoyin duka, har da ta jira. Tana ba da amfani da haɗarin kowacce da lamba. Sannan ta tambaye ki abin da ya fi damunki. Wadda ta yabi hanya ɗaya ta yi gum a kan aibinta, talla ce.

Ga lambobin da za ki tarar. Cikin mata huɗu da aka yi wa tiyata sau ɗaya suka gwada naƙuda, kusan uku suna haihuwa da kansu. Wadda ta taɓa haihuwa da kanta ko sau ɗaya, sa'arta tana kai 85 zuwa 90 cikin 100. Ke kuma dalilin tiyatarki zaman yaro ne, ba abin da lalle sai ya maimaitu ba, don haka kina cikin masu kyakkyawan zato. Abin tsoron shi ne tsohon ɗinkin mahaifa ya buɗe ana naƙuda, kuma yana faruwa ga kusan mace 1 cikin 200. Ɗige-ɗigen nan da kika gani shi ke nan ma'anarsu: kowane ɗigo mace ce, wanda aka shafa wa launi shi ne wadda abin ya samu. Ki ɗora yatsa a kansa, sannan ki dubi sauran da ke kewaye da shi. Duka biyun gaskiya ne. Idan ɗinkin ya buɗe ana buƙatar shiga ɗakin tiyata cikin mintoci, yaro na iya rasa iska, uwa na iya buƙatar ƙarin jini, wani lokaci har a cire mahaifar.

Tiyatar da aka tsara tun da wuri tana kusan kawar da wannan haɗarin, ana kuma yin ta a mako na 39 don huhun yaro ya nuna. Wahalarta kuwa daga baya take zuwa. Ban da jinyar kusan mako shida, da yiwuwar ɗinki ya yi ruwa ko jini ya daskare a ƙafa, kowace tiyata tana ƙara tabo, mabiya kuma tana iya kafewa a kan tabon ta ƙi fita. Wani babban bincike na Amurka da ya fito a 2006 ya nuna wannan kafewar tana kusan 1 cikin 300 a tiyata ta biyu, ta haura 2 cikin 100 a ta huɗu, ta kusa 7 cikin 100 a ta shida. A ganinmu nan ne tsakiyar maganar ga yawancin matanmu, kuma nan ne takardun da aka tsara don Turai suke yin sako-sako, don can mace biyu take haifa ta tsaya. In ku da maigida kuna fatan 'ya'ya biyar ko shida, ki rubuta wannan da babban baƙi ko da takardar ba ta tambaya ba.

Kafin ki koma, ki nemo rahoton tiyatar farko. Tabon da ke kan fatarki ba ya nuna yadda aka yanka mahaifar. In a kwance aka yanka ta daga ƙasa, ana iya gwada naƙuda. In a tsaye aka yanka ta sama, babu zancen gwaji. Wadda aka yi wa aikin a Kano ko Maraɗi sai ta sa a ɗauko mata hoton rahoton a turo ta waya tun yanzu, kada a bari sai ciki ya tsufa. Tazarar shekara uku ta wadatar. Ƙasa da wata 18 tsakanin tiyata da haihuwa ta gaba ne ke ƙara haɗari. Ki tambaya ko asibitin yana da ɗakin tiyata da likitan sa barci da jini a ajiye dare da rana, ko kuma za a sa wa yaron na'urar bugun zuciya tun daga farkon naƙuda har ƙarshe, domin sauyin bugun ne alamar da ta fi saurin nuna ɗinki ya fara buɗewa. Ki duba abin da inshorarki ta ɗauka. Ki kuma lissafa watan haihuwar: in ya faɗa goman ƙarshe na Ramadan ko kwanakin Hajji, tafiyar minti goma sha biyar a Makka tana iya zama awa guda, mai ɗinki kuwa ba ta zaman naƙuda a gida. Ko tiyatar kika zaɓa, ku rubuta abin da za a yi in naƙuda ta riga ranar, domin mace 1 cikin 10 haka take samu. Ciwon da ba ya lafawa tsakanin murɗa da murɗa, ko jini, ko zafi a kan tabo: a kira motar asibiti a 997.

TAMBAYA: Shekaruna 39, ciki na bakwai. An yi mini hoton ciki da gwajin jini a mako na 12, sakamako ya fito 1:120, aka ce haɗarin larurar Down ya hau. Kwana uku ban yi barci ba. Yaron nawa ba lafiya ke nan?
Daga Hajiya a Hindawiyya, Jidda.

AMSA: Hajiya, ki sha ruwa ki kwanta. Down larura ce da ake haihuwar yaro da ita, mai jinkirta girma da koyo. Wannan gwajin ba ya cewa akwai ta ko babu, ƙiyasi yake yi. Ma'anar 1:120 ita ce, in aka tara mata 120 masu sakamako irin naki, ɗaya ce za ta haifi mai larurar, 119 ba za su haifa ba. Shekaru kaɗai ma suna ɗaga lambar: kusan 1 cikin 1,500 ga 'yar shekara 20, kusan 1 cikin 100 ga 'yar shekara 40. Duk lokacin da aka ce miki haɗari ya hau ko ya ninka, ki ce a faɗa miki nawa cikin nawa. Ninkin ɗaya cikin dubu shi ne biyu cikin dubu.

Hanya uku ke gabanki. Ki tsaya nan, ki jira hoton da ake duba gaɓoɓin yaro tsakanin mako na 18 da na 22. Ko a ɗebi jininki a yi gwajin da ke duba ɓurɓushin ƙwayoyin halittar da ke fitowa daga mabiya. Ana yin sa tun daga mako na 10, ba ya taɓa cikin, yana gano kusan 99 cikin 100 na masu larurar, amma da tsada, kuma in ya nuna akwai, sai an tabbatar. Ko a ɗebi ruwan faya da siririyar allura ta ciki daga mako na 15, ana kallo a na'ura. Wannan shi ke ba da tabbas, haɗarin ɓarinsa a hannun gwani bai kai 1 cikin 200 ba.

Tambayar da takardar zaɓi ke sa ki yi wa kanki kafin kowane gwaji ita ce: in na sani, me zan yi da sanin? Wata ta ce ko mene ne za ta riƙe amanarta, allura ba ta da wani amfani gare ta. Wata ta ce tana son ta shirya, kuma tana da hujja, don kusan rabin yaran da ke da larurar suna zuwa da matsalar zuciya, sanin hakan yana sa a haihu a asibitin da ke da likitan zuciyar jarirai. Game da zubar da ciki, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, ta yi zama a Makka a 1990 ta ba da dama kafin kwana 120, da sharaɗin kwamitin ƙwararrun likitoci ya tabbatar da mummunar nakasa marar magani kuma iyaye suka nema. Malikiyya ta fi tsanantawa a wannan babi, kuma ba kowace larura ce ke shiga ƙarƙashin wannan hukuncin ba. Maganar kwamitin asibiti da malamai ce. Abin lura kawai, kwana 120 daga shigar ciki yana daidai da kusan mako 19 a lissafin katin awo.

Tunda ana zancen gwaji: waɗanda aka ɗaura wa aure a gida ba tare da gwajin jini ba, a duba rukunin sikila na mata da miji. In dukansu AS ne, kowane ciki yana da 1 cikin 4 na zuwa da SS, kowane ciki da nasa lissafin, ba wai ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba.

TAMBAYA: An ba ni ruwan suga na sha a mako na 26, aka ce ina da sugan ciki. Azumi ya ƙarato, ban taɓa shan azumi ba tun da na balaga sai na al'ada. Surukata ta ce su da ciki suka yi azumi suna surfe. Akwai yadda zan auna in gane ko zan iya?
Daga Rusaifa, Makka.

AMSA: 'Yar'uwa, mu fara da abin da ba a saɓa a kansa ba: shari'a ta yi wa mai ciki rangwame in tana tsoron cutuwa ko cutuwar abin da ke cikinta. Bambancin a wajen biya ne. A Malikiyya, wadda yawancinmu muka tashi a kai, mai ciki ramuwa kawai za ta yi. A Hambaliyya da aka fi ji a nan, in don yaron ta sha, ramuwa da ciyarwa. Ki tambayi malamin da kike bi. Inna kuma ba ƙarya ta yi ba, sai dai a zamaninsu ba a auna suga, wadda abin ya ci ba a san shi ya ci ta ba.

Awon yana farawa da abin da ake miki magani da shi. In allurar insulin kike yi, ko kina da suga tun kafin ciki, shawarar likitoci a bayyane take: kada ki yi. Haka mai hawan jini, mai ƙarancin jini sosai, mai tagwaye, mai aman da ba ya tsayawa, da wadda hoto ya nuna yaron bai girma yadda ya kamata ba ko ruwan faya ya ragu. In da abinci kaɗai sugan ke zaune lafiya, nan ne akwai magana, kuma da likitanki za a yi ta mako huɗu zuwa shida kafin wata ya kama. Lambobin da ake nema ga mai ciki: ƙasa da 95 kafin a ci komai da safe, ƙasa da 140 bayan awa ɗaya da cin abinci, ƙasa da 120 bayan awa biyu. Wadda littafin awonta na mako biyu ya cika da lambobin da suka haura haka, amsarta ta riga ta fito.

In aka yarje miki, ga sharuɗɗan. Tsira yatsa don awon suga ba ya karya azumi, don haka ki auna kafin sahur, da hantsi, da azahar, da la'asar, dab da magariba, da awa biyu bayan buɗa baki. Ya sauka ƙasa da 70, ki karya nan take ko da saura minti goma a kira salla. Jiri, rawar jiki, gumi mai sanyi, fitsari kaɗan mai duhu, murɗar mara a jere, ko motsin yaro ya ragu, duk dalilin karyawa ne. In motsin ya yi miki kaɗan, ki sha ruwa ki kwanta ta hagu ki ƙirga. Bai kai goma cikin awa biyu ba, ki tafi asibiti a daren, kada ki jira safiya.

Inda aka fi samun matsala ba rana ba ce, faranti ne. Azumin Makka awa 12 zuwa 15 ne gwargwadon lokacin shekara, sai magariba ta yi a sauke dabino bakwai, da subiya mai sanyi, da Vimto, da luƙaimat, a bi da kunu mai suga. Sugan ya yi tsalle, yaron ya sha, ya yi ƙiba fiye da kima, kafaɗa ta maƙale ranar haihuwa ko sugansa ya faɗi bayan an yanke cibi. Dabino ɗaya ko biyu da ruwa, shurba, sai a yi salla a dawo a ci abinci mai nama ko kifi da ganye. Sahur a jinkirta shi, a sa ful ko ƙwai ko nono marar suga, a rage tamis. Ruwa kofi takwas zuwa goma, a rarraba tsakanin magariba da asuba. Wasu suna yin yau su huta gobe, hakan ma hanya ce.

TAMBAYA: Matata ta shiga wata na goma, likita ya ce in ta kai mako 41 za a sa mata ruwan naƙuda. Mahaifiyata ta ce zaƙi ne ya tare, a ba ta maganin zaƙi. Mu jira ko mu yarda?
Daga wani magidanci a Jidda.

AMSA: Malam, a fara gyara lissafi. Asibiti yana ƙirga kwana 280, wato mako 40, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Watan Hijira kwana 29 ko 30 ne, don haka wata tara yana cika ne a kusan mako na 38. Shiga wata na goma a lissafinmu ba wuce lokaci ba ne. Abin dogaro shi ne hoton da aka yi a wata ukun farko, wanda kuskurensa bai cika wuce mako guda ba. Na ƙarshen ciki yana iya kaucewa da mako uku. Mace 4 ko 5 cikin 100 ne kawai ke haihuwa a ranar da aka rubuta.

Dalilin mako 41 shi ne mabiya tana tsufa. Mutuwar yaro a ciki ba ta kai 1 cikin 1,000 ba a mako na 40, amma tana kai kusan 3 cikin 1,000 a mako na 42, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar tayar da naƙuda a 41. Yin hakan a wannan lokaci ba ya ƙara yawan tiyata, saɓanin abin da ake faɗa a gidan suna. Wahalarsa ita ce jira: ana iya farawa da shafa bakin mahaifa da yatsa, sai maganin matsi ko 'yar balan-balan da ke buɗe shi, sai fasa faya, sannan ruwan. Kwana ɗaya zuwa uku ba abin mamaki ba ne. Abin da ake tsaro shi ne murɗa ta yi yawa, fiye da biyar cikin minti goma, sai a rage ruwan ko a tsayar. In kun zaɓi jira, sharaɗinsa awon bugun zuciya da ruwan faya sau biyu a mako, kuma wannan awon yana nuna halin ranar ne kaɗai.

Maganin zaƙi da man zurma da sauran jiƙe-jiƙe, matsalarsu ba a san ƙarfinsu ba, kuma abin da ya shiga ciki ba a iya rage shi kamar ruwan da ke rataye. Gudawa, bushewar jiki, murɗar da ba hutu. Ga mai ɗinkin tiyata kuwa haɗari ne tsagwaronsa. Ku tafi da Hajiya awo na gaba, a nuna mata ruwan fayar a allo ta gani da idonta. Tsofaffi sun fi yarda da abin da aka girmama su aka nuna musu.

Wani abu kuma, Malam, tunda kai ka rubuto: a ƙa'idar asibitocin Saudiyya mace baliga mai hankali ita ke sa hannu a kan aikin da za a yi wa jikinta, har da tiyatar haihuwa. Ku gama shawararku a gida tun yanzu, ta san ra'ayinka ka san nata, don kada a tsaya neman ka a waya kana wurin aiki.

TAMBAYA: Gaskiya ne allurar baya tana bar wa mace ciwon baya har abada?
Daga amarya mai cikin fari, Madina.

AMSA: A'a, ƙanwata. Wannan allura ce da ake yi a baya don kashe zafin naƙuda, kuma bincike bai nuna tana jawo ciwon baya mai ɗorewa ba, ba ta kuma ƙara yawan tiyata. Wurin allurar yana yin tsami 'yan kwanaki. Abin da take yi da gaske: matsin jini na iya sauka, shi ya sa ake sa ruwa ana awo a kai a kai, ƙafafu su yi nauyi, yunƙurin ƙarshe ya ɗan tsawaita, kusan mace 1 cikin 100 ta samu ciwon kai mai tsanani da ke tashi in ta zauna ya lafa in ta kwanta, kuma akwai maganinsa. Wani lokaci gefe ɗaya take kamawa, sai an gyara. Mai shan maganin tsinka jini ko mai allurarsa ta faɗa tun a awo, don akwai awannin da ake bari tsakanin allurar ƙarshe da ta baya. Ki nemi ganin likitan sa barci a wata na takwas, ki tambayi kuɗinta da ko ana samunta da dare. In wata tambaya ta taso kina gida, layin Ma'aikatar Lafiya 937 yana aiki dare da rana.